Taku Sittin Daga Bakin Teku

Tun da na dawo ƙofar ɗakina ba ta rabu da takalma ba. Duk wadda ta shigo yi mini barka da hanya, kafin ta gama zama sai ta ce, "Hajiya Yalwa, yaya tekun yake? Kin ga kabarin?" Na faɗa har muryata ta dishe, kuma duk faɗa ɗaya sai na yi kuka. Shi ya sa na roƙi maƙwabciyata Malama Hindatu ta zo da littafi da biro, tunda ni ban yi boko ba, ina faɗa tana rubutawa. Wadda ta tambaya sai a karanta mata. In kun ji magana ta karkace, daga bakina ne, ba daga hannunta ba.

Shekara shida ke nan da maigidana Malam ya rasu, Allah ya jiƙansa. Ba a gabana ya cika ba. Sarin atamfa yake zuwa Lome, kuma a kowace tafiya yakan sauka a wani ƙaramin gari na bakin teku, wurin mai masaukinsa. Sunan garin ya ƙi zama a harshena. A can zazzaɓi ya kama shi, kwana biyu Allah ya karɓi abinsa, aka binne shi a ranar. Ni dai jaka da hula aka kawo mini. Na yi takaba wata huɗu da kwana goma a nan Shahuci ba tare da na ga makara ta fita daga gidan nan ba. Wanda bai ɗanɗana wannan ba ba zai gane ba. Har gobe in aka yi sallama a zaure da la'asar gabana yakan faɗi.

Ƙaninsa Habu ne suke tare a tafiyar. Da ya dawo ya miƙo mini 'yar takarda da ya rubuta da ajami, ya ce, "Yaya, ko da wata rana yara za su je. Taku sittin ne daga bakin teku, mutum ya sa hasumiyar masallaci a gabansa. Da ƙafata na auna." Na naɗe ta a ƙyalle na ajiye a ƙasan kwalla.

Autata Rabi a Legas take aiki, kuma aikin nata awon teku ne. Mata sun sha yi mini tsiya a kan haka, wai yarinyar da ta tashi ba ta san ruwan da ya wuce kududdufin bayan gida ba. Bayan ƙaramar Sallah ta bugo waya, ba ta ko ja gaisuwa ba ta ce, "Inna, in dai kina son zuwa wurin Baba, bana za ki je. Na duba gaɓar garin nan. Ruwa ya kusa maƙabartar."

Na ce, "Kin je ne?"

Ta ce, "Ban je ba, daga sama muke gani."

Ban gane ba, amma na san Rabi ba ta wasa da maganar ubanta. Na aika aka tambayo mini malamin unguwa, tunda mu nan mata ba ma zuwa maƙabarta. Ya ce in je, in yi addu'a, ban da kururuwa. Na ce na ji.

Rabi ta zo ɗaukata, ta so mu hau jirgi. Na ƙi. Na ce hanyar da ya bi shekara talatin ita zan bi, in ga abin da ya riƙa gani. Muka shiga doguwar mota. Gwiwoyina sun ba ni haƙuri har Kaduna, daga nan suka fara zagina. Kusa da ni wata Inyamura ce, Maman Ngozi, haifaffiyar Sabon Gari, Hausa a bakinta kamar 'yar Ƙofar Ruwa. Da ta ji abin da ya fito da ni, sai ta cire gyalen da ta yafa ta naɗe ta sa mini a bayan wuya. Ita ma mijinta ya rasu. Muka yi ta ba juna labarin halin mazanmu, muna dariya muna share hawaye.

Da muka hau wata doguwar gada wajen Lakwaja na leƙa na ga ruwa iyakar ganina, na ɗaga hannu na fara salati, na ce, "Rabi, ga shi nan!"

Maman Ngozi ta riƙe ciki. Ta ce, "Hajiya, wannan ai kogi ne. In kin ga teku, wannan kwatami za ki ce da shi." Duk motar aka yi mini dariya, har yaron direba. Na ce ku yi, wanda ya girma a cikin ganuwa ai dole a yi masa uzuri.

Legas kuwa sai na ce da Rabi, su mutanen nan wa ya kore su? Kowa gudu yake. Gidanta a hawa na uku yake, na hau da ƙyar na ce ba zan sauko ba sai ranar tafiya. Amma washegari ta lallaɓa ni zuwa ofishinsu, wai akwai abin da za ta ɗauka. Wani abokin aikinta Bayarabe, babban mutum da furfura, yana ganina ya zube ƙasa ya kwanta rub da ciki. Na ja da baya a tsorace na ce, "Subhanallahi, farfaɗiya ce da shi?" Rabi ta toshe baki, ta ce gaisuwa ce. Na ji kunya ƙwarai, na yi ta sa masa albarka.

A nan na ga aikin nata. Wani allo ne babba, duniya a shimfiɗe, tekuna an shafa musu ja da ɗorawa da shuɗi. Na ce ta yi mini bayani yadda zan gane. Ta ce, "Inna, yaya kike sanin ruwan rijiyarmu ya ƙaru?"

Na ce, "Da igiyar guga mana. Da rani sai na saki har ƙulli na uku, da damina na biyu ma ba ya shiga."

Ta ce, "To shi ke nan. Akwai na'ura da aka harba sama tana kewaya duniya, tauraron ɗan'adam. Ita ce bakin rijiyar. Ba igiya take saki ba, wani saƙo take aikowa ya bugi fuskar ruwa ya koma mata. In ya dawo da wuri, ruwa ya taso ke nan. Haka take bi teku-teku, ta gama ta sake, shekara da shekaru."

Na ce, "To nawa ya taso?"

Ta ce, "A shekara, kamar kaurin ƙwayar dawa. Wani wurin ya fi haka, wani bai kai ba. Shi ne launukan nan."

Nan na yi mata gardama. Na ce ruwa a kwano ɗaya ba ya tudu da kwari. Ta ce kwano ba iska a kansa, ba rana na dafa gefe ɗaya. Na ce to ƙwayar dawa ce za ta cinye maƙabarta? Ta ce ba ita kaɗai ba: igiyar ruwa na kwashe yashi, wani wurin ƙasar ma nutsewa take, kuma inda gaɓa take shimfiɗe, ruwa ya ɗan taso kaɗan sai ya yi nisa a tudu. Na tuna yadda damina ke cin gindin katangar ƙasa, ba ka ganin ranar da ta ci, sai ranar da ta faɗi.

Boda biyu muka ƙetare. A ta farko wani ma'aikaci ya buɗe jakata, ya zare wani ƙulli, ya sansana, ya yi baya yana fifita hanci. Daddawa ce da na ɗauko wa masu masauki tsaraba, ta kwana biyu a zafin mota. Ya kira 'yan'uwansa, suna ta Faransanci, Rabi na ta bayani. Can sai ga wata mai kaki, ƙatuwa, ta karɓa ta sansana ta lumshe ido, ta ce wani abu suka fashe da dariya. Ashe cewa ta yi ƙamshin miyar kakarta ke nan. Na gutsura mata, ta riƙe mini hannu har bakin mota.

Abin da na gani a Kwatano ba zai faɗu duka ba. Mata ne a kan babur, da goyo, da kwando a ka, suna tsala gudu. Burodinsu dogo ne kamar muciya, ga tauri, haƙorana biyu da suka rage suka ce ba da su ba. Sai da na jiƙa a shayi.

Da hantsi muka isa garin. Tun kafin in ga teku na ji shi, wani irin gurnani da ba ya ɗaukewa. Da na gan shi kuwa ban yi salati da ƙarfi ba kamar a gada. Ƙasa ce ta ƙare, kawai.

Mai masaukin Malam shi ma ya rasu, sai matarsa Hajiya Memuna, 'yar zango, kakanninta daga Katsina suka zo, ita kuwa ba ta taɓa ganin ƙasar Hausa ba. Hausarta wata iri, amma muna gane juna. Tana jin ko ni wace ce ta rungume ni tana cewa, "Matar Alhaji Kano! Matar Alhaji Kano!" Haka suke kiransa. Ta nuna mini ɗakin da yake sauka, ta ce a nan zan kwana. Ta nuna mini ƙusar da yake rataye rigarsa. Na dafa bangon na yi kukana, ba ta hana ni ba.

Ta yi mana tuwon masara da miyar kuɓewa. Na sa hannu sai na ji abu mai ƙafafu, na ɗago, ƙaguwa ce guda, da ƙahonninta. Na yi wurgi da ita. Hajiya Memuna ta ce, "Haka mijinki ya yi shekarar farko. Daga baya shi ke cewa a sa masa biyu." Na ce, "Bai taɓa faɗa mini ba, munafuki." Na ci tuwon da gefen miyar. Daɗi kam akwai.

Da rana ta yi sanyi muka tafi maƙabarta, mu uku da limamin garin, wani dattijo siriri mai sanyin magana. A can mata na shiga maƙabarta ba mai kallonsu, har su ke share ta. Liman ya tambayi sunan mamacin. Na sunkuyar da kai, shekara arba'in da biyar ban taɓa kama sunan nan ba, ba a bakin teku zan fara ba. Rabi ta faɗa. Ya ce ya tuna shi, shi ya yi masa salla. Amma bara waccan teku ya yi hauka ya hau maƙabartar, ya kwashe duk alamun da aka sa, ya tafi da layi biyu na gaba. Da ruwa ya janye an sake tara ƙasa a kan waɗanda suka rage. Masu dangi a gari sun gane nasu. Na baƙi kuwa, ya ce ba zai yi mini ƙarya ba.

Na ce ba komai, ina da takarda. Na kwance ƙyalle, Liman ya karanta. Na ga ya dubi Rabi, Rabi ta dubi ƙasa. Ban kula ba. Na taka har inda ruwa ke lasar yashi, na juya, na sa hasumiya a gabana, na fara ƙirga. Taku goma sha biyar na shiga maƙabarta. Arba'in na fita ta bayanta. Na sittin ya sauke ni a tsakiyar gidan wata mata tana ƙyafe kifi. Ta ɗago ta dube ni, na dube ta. Ta miƙo mini kujera.

Na zauna a kujerar. Na ce da Rabi ta kira mini Habu.

Yana ɗauka na ce, "Kai Habu, tekun ka ɗauka ganuwa ce?"

Ya ce, "Yaya, lafiya? Kun isa?"

"Mun isa gidan mai kifi! Duk duniya ka rasa abin da za ka auna da shi sai ruwa? Ga masallaci, ga bishiya?"

Ya ce, "To ni na ga bishiya ana sarewa, masallaci ana rushewa a faɗaɗa. Na ce teku dai ba mai ɗauke shi."

Na buɗe baki in zage shi, sai kuka ya zo. Don wallahi da ni ce a wurin, abin da zan yi ke nan. Mu da muka saba a ce gidan wane yana jikin ganuwa, a shekara ɗari yana nan. Habu ya yi ta kiran "Yaya, Yaya," shi ma yana kuka.

Rabi ta karɓi wayar ta tsuguna a gabana. Ta ce, "Inna, takardar Kawu ba ta ɓaci ba. Bakin ruwan ne ya tashi daga inda ya bar shi. In na san ranar da ya auna da lokacin, zan nemo inda yake a ranar."

Na ce, "Sha huɗu ga Sha'aban, bayan la'asar. Muna shirin azumin tsofaffi aka bugo."

Ta ce wannan ya taimaka, domin ashe teku da wata yake tafiya, kullum yana cika yana janyewa, kuma in wata ya cika shi ma cikarsa ta fi yawa. Ku ji fa, shekarata saba'in ina duban wata ban san yana jan ruwa ba.

Washegari tun da safe ta buɗe kwamfutarta a tsakar gidan Hajiya Memuna, tana waya da Bayaraben nan. Suka nemo hoton gaɓar da aka ɗauka daga sama a shekarar, suka nemo yadda cikar ruwa ta kasance a yammacin ranar. Ta nuna mini: ga masallaci bai motsa ba, ga bakin ruwa na da, ga na yanzu. Tsakaninsu har da gidaje da layin kwakwa, yau babu ko ɗaya. Wurin da Habu ya tsaya ya fara ƙirga yana can cikin teku, inda jiragen masunta ke wucewa.

Sai ta ce, "Saura abu ɗaya. Takun Kawu ba irin na kowa ba ne." Gaskiya ne, Habu na ɗingishi tun yana yaro, ƙafar hagu gajera ce. Ga shi yanzu ciwo ya kwantar da shi, ba ya taka ko'ina balle a auna. In aka yi lissafi da takun mai lafiya, za a wuce wurin.

Na ce, "Kawo abin awonki."

Ƙanin miji abokin wasa ne, kuma tun ina amarya nake kwaikwayon tafiyar Habu in ba mutan gida dariya. Na san ta kamar tawa: dogo ɗaya, gajere ɗaya, da 'yar jan ƙafa. Muka fita bakin teku, na ɗaure zane, tsohuwa da ni, na kama tafiyar Habu a kan yashi. Masunta suka bar gyaran komarsu ta kamun kifi suna kallo. Hajiya Memuna ta tafa hannu ta ce, "Shi ne! Wallahi ƙanin Alhaji Kano ne!" Sau uku Rabi ta sa na yi, tana auna sawun tana rubutawa, tana dariya hawaye na zuba.

Ta yi lissafinta, ta riƙe wayarta a gaba, muka bi ta a baya da Liman. Muka shiga maƙabarta. Ba mu yi nisa ba ta tsaya, a layi na biyu daga inda ƙasa ta gutsure. Daga nan ina jin feshin ruwa a fuskata.

Kaburbura biyu ne a gabanta, kafaɗa da kafaɗa.

Ta ce, "Inna, ki yafe mini. Awona ya kawo ni nan, amma ba zai iya raba waɗannan biyun ba. In na ce miki wannan ne, na yi ƙarya."

Liman ya matso ya daɗe yana dubawa. Ya ce, "Nan ne. Yanzu na tuna. A mako ɗaya muka binne baƙi biyu. Alhaji, da wani bawan Allah da teku ya turo mana, da laya a damtsensa, shi ya sa muka san Musulmi ne. Ba mu san sunansa ba. Ba wanda ya taɓa zuwa nemansa." Amma wane ne a dama, wane ne a hagu, ya ce Allah ne masani.

Na ɗauka raina zai ɓaci. Na yi tafiyar kwana huɗu, a ce mini ɗaya daga cikin biyu. Amma da na zauna a tsakaninsu, na ɗora hannun dama a kan wannan, na hagu a kan wancan, sai na ji wani sanyi ya sauka a ƙirjina wanda rabona da shi shekara shida. Ɗaya daga cikin hannuwana yana kansa. Wannan ya ishe ni. Na yi masa sallama. Na gaya masa an aurar da jikarsa Sadiya, an gyara soron da yake ta cewa zai gyara, Habu na gaishe shi. Na yi kuka, amma ban yi kururuwa ba. Sai na tuna can wani gari akwai wata mata irina, wadda ita ko jaka da hula ba a kai mata ba. Na juya na yi wa nata mijin addu'a kamar yadda na yi wa nawa.

Liman ya ce sun sami fili a kan tudu, sun fara kwashe na bakin ruwa, amma ba sa taɓa na baƙo sai da izinin danginsa. Ya tambayi Rabi ko akwai sauran lokaci. Ta ce ranar ba ta sani ba, amma kada su bari damina biyu ta wuce. Ya juyo gare ni ya ce, "Hajiya, kin ba da izini? Sai dai ba mu san wanda za mu ɗauka da sunanki ba."

Na ce, "Ku ɗauke su duka biyun, ku kwantar da su yadda kuka same su. Wancan ba shi da mai ba da izini, na ba da nasa."

Bayan dawowarmu da mako uku Hajiya Memuna ta bugo ta ce an yi, suna kan tudu, gefe da gefe.

Na gode wa Allah da ya nuna mini. Na gode wa Rabi da na'urarta ta sama, da Maman Ngozi, da mai kakin da ta riƙe mini hannu, da mai kifin da ta ba ni kujera ba ta tambaye ni ko ni wace ce ba. Habu ma na yafe masa, ko da yake na gaya masa in ya ƙara auna wani abu a duniya sai na karya ɗaya ƙafar.

Ku da za a karanta muku wannan, abu ɗaya nake roƙo. In za ku yi wa Malam addu'a, ku haɗa da maƙwabcinsa. Ba ku buƙatar suna. Ni ma ban taɓa kiran ko ɗayansu da suna ba, kuma Wanda ake roƙo ya san su.